Me Ya Sa Hasken La'asar Sakaliya Ke Zama Ruwan Zinare, Kuma Me Ya Sa Wayarka Ke Goge Shi?

Wataƙila ya taɓa faruwa da kai. Da la'asar sakaliya ka tsaya a bakin gona, rana ta haske zangarniyar dawa, komai ya koma ruwan zinare. Ka ciro waya ka ɗauka, ka duba, sai ka ga hoton ya fito fari-fari, babu wannan armashin da idonka ya gani. Wayar ba ta lalace ba, aikin da aka tsara mata ta yi. Amma bari mu fara da inda launin ya samo asali.

Hasken rana da muke gani fari, haɗakar launuka ne irin na bakan gizo. Kowane launi yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma kowanne da tsawon zangonsa. Na shuɗi gajere ne, wajen nanomita 450, na ja kuwa ya kai wajen 700. Idan hasken ya shigo iskar da ta lulluɓe duniya, ƙananan ƙwayoyin iskar sukan tarwatsa shi, amma ba daidai wa daida ba. Masanin nan na Ingila, Lord Rayleigh, ya yi bayani a 1871 cewa gwargwadon gajartar zango, gwargwadon tarwatsewa. Shuɗi yakan watse fiye da ja kusan sau shida. Shi ya sa sararin sama yake shuɗi.

To da tsakar rana, hasken yana saukowa ne kai tsaye, iskar da zai ratsa ba ta da yawa. Idan rana ta yi ƙasa, dole ya bi ta karkace. A lokacin da take daraja 30 sama da bakin ƙasa, iskar da yake ratsawa ta ninka biyu. Idan tana gab da faɗuwa kuwa, ta ninka kusan sau 38. A wannan doguwar tafiya shuɗin yakan zube a hanya, abin da ke iso mana sai rawaya da ruwan lemo da ja.

Turawa masu ɗaukar hoto suna kiran wannan lokaci da sunan "awar zinare", wato sa'ad da rana take ƙasa da daraja 6 ko makamancin haka. Sunan yana yaudara a wajenmu. A Kano ko Damagaram rana kusan a tsaye take faɗuwa, daraja ɗaya cikin kamar minti huɗu, don haka zinaren namu bai wuce minti 25 ba. A Landan, inda take sauka a karkace, yakan kai minti 40 ko fiye. Ke nan wanda ya iso yana neman inda zai tsaya, kafin ya gama shiri an kira magariba.

Yanzu ga laifin wayar. Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin. Ka tuna ƙarfe a wutar maƙera: da fari ya yi ja, zafi ya ƙaru ya yi rawaya, can ya yi fari. Haka ma'aunin yake. Hasken tsakar rana wajen 5,500 ne, na faɗuwar rana kuwa wajen 3,000. Kyamara tana da wani tsari na daidaita fari, wanda aikinsa shi ne ya tabbatar farar riga ta fito fara a ƙarƙashin kowane haske. Da ta ga rawaya ta mamaye wuri, sai ta ɗauka matsala ce, ta zuba shuɗi don ta gyara. Abin da ka tsaya dominsa, shi ta share.

Maganin ba wuya. A kyamara, ko a sashen Pro na wayoyi da yawa, nemi alamar WB ka cire ta daga kan mai sarrafa kansa. Zaɓi hoton rana, ko ka sa lambar a 5,500. In kana son launin ya ƙara ɗumi, zaɓi hoton gajimare, wajen 6,000 zuwa 6,500. Ni dai ban cika son a wuce nan ba, domin daga nan ganye yakan fara kama da wanda aka tsoma a manja.

Furanni kuma da tasu rigimar. Furen bagaruwa ko na marga dama rawaya ne, wato ja da kore yake maidowa ido, ya shanye shuɗi. Idan hasken la'asar ya ƙara masa, ɓangaren kyamarar da ke karɓar ja yakan cika ya tumbatsa, furen ya zama dunƙulen launi babu zane babu jijiya. Rage hasken hoton kaɗan kafin ka danna. A waya, taɓa furen a allo sannan ka ja alamar ranar ƙasa.

Ga dabbobi, inda ka tsaya ya fi komai. Ɗauki raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai. In rana tana bayanka, fatarsu za ta fito da cikakken launi. In tana gefe, inuwa za ta fito da siffar jiki. Amma in dabbar ce ta shiga tsakaninka da rana, hasken zai ratsa gezar wuya da gefen kunnuwa, ya zagaye ta da siririn zare mai walƙiya, ƙurar da ƙafafunta suka tayar ma ta haske. Sai dai haske ya riga ya yi rauni a lokacin, motsi kaɗan zai dusashe hoton, don haka a dafe kyamarar da kyau ko a jingina ta da wani abu.

Wani zai ce ai lokacin hunturu ya fi, tunda ƙura ja ce. Ba kullum ba. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ƙwayoyinta manya ne sosai idan aka kwatanta da na iska, don haka suna tarwatsa dukkan launuka kusan daidai. Idan hazo ya yi kauri, sama takan yi fari-fari, rana ta zama kamar faifai, ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba. Ɗan hazo kaɗan yana tausasa haske, ya yi kyau. Amma zinare tsantsa an fi samunsa a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, bayan ruwa ya wanke iska kuma ciyawa ta fara bushewa.