Dogara ga Alkawarin Allah a Addinin Kirista

Kirista sun yi imani cewa Allah ba ya saɓa alkawari, kuma a kan wannan ne bangaskiyarsu ta ginu. Sai dai duk wanda ya bi labaran Littafi Mai Tsarki zai ga cewa tsakanin ranar da aka yi alkawari da ranar cikarsa akwai jira mai tsawo. A wannan jiran ne ake gane mai dogara.

Ibrahim da shekara 25 na jira

Littafin Farawa ya nuna cewa Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran zuwa Kan'ana, bayan Allah ya yi masa alkawarin zuriya da ƙasa. A lokacin ba shi da ɗa ko guda, matarsa Saratu kuma ba ta haihuwa. Da shiru ya yi yawa, Saratu ta ba shi baiwarta Hajaratu, aka haifi Isma'ilu yana da shekara 86. Ishaku, wanda Kirista suke ɗauka shi ne ɗan alkawarin, sai da Ibrahim ya kai shekara 100 aka haife shi.

Batun ƙasa ya fi haka jinkiri. Ranar da Saratu ta rasu a Hebron, Ibrahim ba shi da ko taƙi ɗaya da zai binne ta, sai da ya sayi kogon Makfela da gonarsa daga Efron Bahitte a kan shekel 400 na azurfa. Littafin bai ɓoye rauninsa ba, domin an ce shi da Saratu duk sun yi dariya da suka ji za su haihu da tsufa. Duk da haka manzo Bulus, a sura ta 4 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya kafa shi misalin mai bangaskiya, saboda shakkar ba ta sa ya juya baya ba.

Gonar Irmiya

A shekara ta 10 ta sarautar Zadakiya, rundunar Nebukadnezzar na Babila ta yi wa Urushalima ƙawanya. Annabi Irmiya yana tsare a farfajiyar masu gadin fada, don ya ce birnin zai faɗi. Ana cikin haka ɗan baffansa Hanamel ya zo ya yi masa tallan gona a Anatot, garinsu. A idon kowa wannan ciniki asara ne. Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa ya biya, aka rubuta takarda a gaban shaidu, ya ba magatakardansa Baruk ya ajiye a tukunyar ƙasa don ta daɗe. Hujjarsa ita ce Allah ya ce za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar.

Birnin ya faɗi wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, aka kwashi mutane zuwa Babila. A shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu Sairus na Farisa ya ci Babila, sannan ya ba Yahudawa izinin komawa gida. Irmiya bai ga wannan rana ba, don tuni an tafi da shi Masar.

Alkawari da burin zuciya

Malaman Kirista suna jan kunne a kan bambanta abin da Allah ya faɗa da abin da mutum yake so ya ji. A zamanin Irmiya wani mai suna Hananiya ya yi shelar cewa cikin shekara 2 za a karya ƙarfin Babila. Irmiya kuwa ya rubuta wa waɗanda aka riga aka kwasa zuwa Babila cewa zaman zai kai shekara 70, su gina gidaje, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu. Ayar nan ta sura 29 ta littafin Irmiya da ake yawan karantawa, mai magana a kan kyakkyawan shirin Allah, a cikin wannan wasiƙa take, kuma yawancin waɗanda suka fara jin ta sun mutu a baƙuwar ƙasa.

Wannan bambancin ne tushen saɓanin da ke tsakanin ikilisiyoyi a yau. Masu wa'azin wadata, wanda ya bazu daga Amurka a ƙarni na 20, suna cewa lafiya da dukiya haƙƙin mai bi ne tun a duniya. Masu sukarsu suna kawo misalin Bulus, wanda ya roƙi Allah sau 3 a cire masa wata ƙaya a jikinsa, aka amsa masa da cewa alheri ya ishe shi. Suna kuma tunasarwa cewa Yesu da kansa ya gaya wa almajiransa za su sha wahala a duniya.

Abin da ɗarikun Kirista suka haɗu a kai shi ne manyan alkawura: gafarar zunubi ta wurin Yesu Almasihu, zuwan Ruhu Mai Tsarki, tashin matattu da rai madawwami. Suna ganin tashin Yesu daga matattu shi ne tabbacin cewa sauran za su cika. Saboda haka mai dogara yana addu'a, yana aikinsa, yana neman magani idan ciwo ya kama shi, ba tare da ya yanka wa Allah wa'adi ba.