GARIN LAFIYA DA NEMAN LAFIYA: HALIN DA ƘANANAN ASIBITOCI SUKE CIKI

Daga Wakilinmu a Lafiya

DUK wanda ya yi sammako ya bi ta Hanyar Shandam a cikin garin Lafiya, ya leƙa harabar babban asibitin nan da jama'a suka saba kira Asibitin Ɗalhatu Araf, zai tarar da mutane maƙil tun rana ba ta ɗaga ba. Ga mata da goyo, ga tsofaffi bisa benci sun jingine sandunansu, ga magidanta riƙe da kati suna lissafin abin da ya rage musu a aljihu. Waɗansu daga cikin gari suka fito, daga Bukan Sidi ko Tudun Gwandara, waɗansu kuwa tun da asuba suka baro Doma, ko Obi, ko Keana, ko Awe.

In mutum ya tsaya ya tambayi abin da ya kawo su, zai ji cewa da yawa daga cikinsu zazzaɓin cizon sauro ne ya taso su, ko gudawar yara, ko hawan jini, ko ciwon suga, ko awon ciki, watau irin abubuwan da ya kamata a ce an gama da su tun a ƙaramin asibitin unguwa. To, me zai sa mutum ya wuce asibitin da ke ƙofar gidansa, ya biya kuɗin mota, ya bar gonarsa ta doya ko ta riɗi yini guda, don ya zo ya bi layi a Lafiya? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

ASALIN AL'AMARIN

A zamanin En'e, sa'ad da ƙasar Lafiya take cikin Lardin Binuwai, ɗakin shan magani da malamin asibiti da duba-gari su ne abin da talakan ƙauye ya sani. A cikin shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, Gwamnatin Tarayya ta ƙudurta gina ƙananan asibitoci a ko'ina cikin ƙasa, amma ƙarfin shirin sai ya tafi ga gine-gine da sayen kayan aiki. A watan Satumba na 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata, cikin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka amince cewa tushen kiwon lafiya shi ne wurin da mutum ya fara zuwa in ciwo ya kama shi, suka kuma sa wa kansu wa'adin shekara ta 2000 don kowa ya sami kulawa.

A nan Nijeriya, wanda ya ɗauki wannan magana da gaske shi ne marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992. Shi ne ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 a 1986 don gwaji, a zamaninsa aka fito da manufar kiwon lafiya ta ƙasa a 1988, sa'an nan a 1992 aka kafa Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko. Tun daga nan aka raba aikin gida uku: ƙananan asibitoci a hannun ƙaramar hukuma, manyan asibitoci a hannun jiha, asibitocin koyarwa kuma a hannun Tarayya. Watau kaya mafi nauyi aka ɗora wa wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi.

A cikin wannan hali Jihar Nasarawa ta samu, ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da Janar Sani Abacha ya cire ta daga Jihar Filato, ya ba ta ƙananan hukumomi 13, Lafiya ta zama hedkwata. Ƙidayar 2006 ta nuna jihar tana da mutum sama da miliyan 1.8, ƙaramar hukumar Lafiya kaɗai kuwa sama da 300,000, kuma kowa ya san yadda garin ya tumbatsa tun daga lokacin. An kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011, daga baya kuma aka miƙa wa Gwamnatin Tarayya Asibitin Ɗalhatu Araf don ya zama asibitin koyarwa na jami'ar. Wannan ci gaba ne babba. Sai dai asibitin koyarwa an yi shi ne don manyan cututtuka da horar da likitoci, in ya cika da masu mura da zazzaɓi, mai neman tiyata ne zai sha wuya.

MAI BUKATA SHI KE NESA

A Ingila kowane mutum yana da likitan da ya yi rajista da shi, wanda ya san shi, ya san iyalinsa, kuma ta hannunsa ake bi kafin a ga ƙwararre. A 1971 wani daga cikin irin waɗannan likitoci, Dokta Julian Tudor Hart, wanda ya yi zamansa yana duba masu haƙar kwal a wani ƙauye na yankin Wales, ya rubuta wata maƙala da ta shahara, inda ya nuna cewa kulawa mai kyau takan yi ƙaranci ne daidai wurin da aka fi bukatarta, musamman in aka bar kuɗi ya zama shi ne alƙali. Ka ce ƙasar nan ya zo ya gani.

A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitocin da ke da lasisin aiki a Nijeriya kimanin 55,000 ne, kimanin 7,600 daga cikinsu suna Legas, kimanin 4,700 kuma suna Abuja. Ya ce wajen 16,000 sun bar ƙasar a 'yan shekarun da suka gabaci wannan jawabi. Muna da likitocin iyali ƙwararru, gama Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana yaye su, amma yawancinsu a sashen yankan kati na manyan asibitoci suke, ko a asibitocin kuɗi na birane. Mutumin Asakiyo ko na Adogi, wanda zai fara gani shi ne malamin asibiti, in bai same shi ba sai mai kemis.

Mu ɗauki misalin mace a wata ruga ko wani ƙauyen manoma a kudancin jihar, naƙuda ta kama ta da tsakar dare cikin damina. Ta haihu a gida, jini ya ɓalle. Kafin a shawo kan maigida ya yarda a fita, kafin a sami babur, kafin a haye rafin da ya cika, sa'o'i sun wuce. An isa ƙaramin asibiti an tarar da shi a kulle, domin ma'aikacin ɗaya ne, ya yi aikin yini ya tafi gida. In ma an same shi, babu wuta, babu allurar tsayar da jini, babu mota. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana iya kashe mace cikin sa'a biyu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 mata 512 suke rasuwa, kuma a cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar. Matar ma'aikaci a Lafiya da matar manomi a bayan Doma 'yan jiha ɗaya ne, amma ba haɗari ɗaya suke fuskanta ba.

Bugu da ƙari ga batun kuɗi. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan magani a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya yake fita. Saboda haka manomi yakan jinkirta zuwa asibiti har kaka, mai hawan jini yakan sayi ƙwayar kwana uku ya daina, sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, jihar ma tana da hukumarta ta inshora, amma mai albashi ne ya fi saurin shiga, domin daga albashinsa ake cirewa.

MASU JINYA SUN GAJI

Likita yakan duba ya wuce, nas da ungozoma su ke kwana da marar lafiya. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ta Ƙasa, Dokta Faruk Abubakar, ya ce kimanin 42,000 sun fita ƙasashen waje cikin shekara uku, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. Majalisar ta fito da sharaɗin cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardunsa na fita, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. A watan Agusta na wannan shekara ta 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da wata manufa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya.

Jihar Nasarawa tana da nata ƙarin ciwon, watau maƙwabtaka da Abuja. Yarinyar da ta gama makarantar koyon jinya da ungozoma ta Lafiya, ko saurayin da ya fito daga kwalejin fasahar lafiya ta Keffi, ba sai sun haye teku ba. Tafiyar 'yan sa'o'i ta Akwanga da Keffi ta isa ta kai su inda albashi ya fi tsoka. Wa zai ga laifinsu? Wadda aka tura ƙauye babu gida, babu ruwa, babu makarantar 'ya'yanta, ita ce mai awo, ita ce mai allurar rigakafi, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai cika rajista. Ga kuma tsoron zazzaɓin Lassa, wanda jihar takan yi fama da shi da rani, cutar da tun bayyanarta a 1969 ma'aikatan jinya ne ta fara kashewa.

An taɓa gwada magance wannan. A 2009 aka fito da shirin tura ungozomomi karkara, bisa yarjejeniyar Tarayya ta biya kowace ungozoma Naira 30,000 a wata, jiha ta ƙara 20,000, ƙaramar hukuma ta ba da 10,000 da wurin kwana. A wurare da yawa jihohi da ƙananan hukumomi ba su cika nasu alkawarin ba, ungozomomin suka tattara nasu ya nasu. A 2014 kuma aka amince a koya wa malaman asibiti waɗansu ayyukan ungozoma. Dabara ce mai amfani, muddin akwai mai zagayawa yana duba aikinsu.

DARASIN WAMBA

Duk waɗannan matsaloli sukan koma ga abu guda, shugabanci. Da can ma'aikacin ƙaramin asibiti yana da iyayen gida barkatai: wani ya ɗauke shi aiki, wani ya biya shi, wani ya kawo masa magani, babu wanda za a kama in abu ya lalace. Shi ya sa a 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince a tattara komai a ƙarƙashin hukuma ɗaya a kowace jiha, Nasarawa ma tana da tata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don kula da lafiya a matakin farko, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Alkawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2001, na ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Abin sha'awa shi ne, a wannan jiha aka koyi ɗaya daga cikin manyan darussan ƙasar. A ƙarshen 2011 aka fara wani gwaji a ƙaramar hukumar Wamba, tare da Fufore ta Adamawa da wata ƙaramar hukuma a Ondo, wanda ya zama shirin da Bankin Duniya ya tallafa a jihohin uku. Aka buɗe wa kowane ƙaramin asibiti asusunsa na banki, shugaban asibitin da kwamitin mazaɓa suka riƙa sa hannu tare. Waɗansu asibitoci ana biyansu gwargwadon aikin da aka tabbatar sun yi, waɗansu kuma ana ba su kimanin rabin wannan kuɗi kai tsaye. Da aka auna sakamako, sai aka ga duka biyun sun inganta, kuma a fannoni da yawa masu rabin kuɗin ba su gaza ba. Watau in kuɗi kaɗan ya isa hannun wanda ke wurin, yana da ikon gyara rufi da sayen magani ba tare da ya kwana a ƙofar ofis ba, kuma ya san za a zo a bincika, aiki yakan tafi. Wani ɗan jihar, Dokta Faisal Shuaib, ya shugabanci hukumar ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023, lokacin da aka fara tura kuɗin asusun Tarayya ga ƙananan asibitoci ta irin wannan hanya.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Tilas ne jama'a su tambayi shugabanninsu nawa ne rabon asibitin unguwa. Sarakuna ma suna da rawar takawa. Kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya, wanda aka kafa a 2009 da jagorancin Sarkin Musulmi, ya taimaka ƙwarai har aka tabbatar da kawar da shan-inna ta daji daga Afirka a watan Agusta na 2020. Kalmar Mai Martaba Sarkin Lafiya, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, wanda ya hau gadon a 2019, da ta hakimai da limamai da shugabannin coci, tana iya sa magidanci ya bar matarsa ta je awo.

ABIN YI

Bukatar ba ta da wuyar faɗa. A sami asibiti aƙalla ɗaya a kowace mazaɓa da ke buɗe dare da rana, da ungozoma, da wuta, da ruwa, da gidan ma'aikata a kusa. A ɗauki 'yan asalin wuri a horar da su, domin ɗan Keana ya fi saurin zama a Keana, kuma mai jin Eggon ko Alago ko Migili ko Tibi ko Fulatanci ya fi saurin gane ciwon mai shi. A biya wanda ke ƙauye fiye da wanda ke gari, a kan lokaci. A sa likitocin iyali su riƙa zagaya ƙananan asibitoci a ranaku sanannu. A koya wa shugabannin asibitoci riƙon kuɗi da riƙon mutane, a kuma daina jayayyar nan ta wa ya fi wa tsakanin likita da nas, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Magabatan da suka kafa wannan gari na Barebari sun raɗa masa suna mai kyau. Ranar da matar manomi a bayan Doma za ta haihu da tsakar dare a asibitin mazaɓarta, ta koma gida da ɗanta a baya, ranar ce layin Hanyar Shandam zai ragu. Allah Ya nuna mana, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.