Zaɓen Manhajar Tace Fim da Warware Matsalolinta: Misali Daga Kadawa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ɗalibi mai koyon shirya fim zai zaɓi manhajar tace hoto, da yadda zai yi maganin matsalolinta. Kalmar "tacewa" tana da ma'ana biyu a bakin 'yan fim. Akwai tacewar hukuma, irin wadda Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano take yi tun 2001, akwai kuma yanke hotuna da jera su har su ba da labari. Wannan ta biyun muke nufi a nan.

Za mu ɗauki misalin ɗalibin da zai yi fim a kan manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, waɗanda suke shayar da gonakinsu da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974. Dalilin zaɓen wannan wuri shi ne, kakar tumatir ba ta jiran kowa. Wanda hotunansa na ɗiban tumatir da cinikinsa a Kwanar Gafan suka lalace, sai ya jira baɗi, kuma zangon karatu ya wuce shi.

2.0 Zaɓen Manhaja

Ɗalibai da yawa sukan fara da tambayar wace manhaja ce ta fi kyau, alhali kuwa abin da ya kamata su fara dubawa shi ne ƙarfin kwamfutarsu da nauyin aljihunsu.

Adobe Premiere ta yaɗu a ɗakunan tace fim, saboda haka mai neman aiki zai amfana da saninta. Amma tun 2013 kamfanin ya koma tsarin haya, wato biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. Kwafin sata kuwa yakan zo da cutar kwamfuta, ba kuma wanda za a kai wa ƙara in ya ci aikin mutum.

DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta, ta kuma yi fice wajen gyaran launi, abin da zai taimaki wanda ya ɗauki hoto cikin hazon hunturu. Sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfin sarrafa hoto da ma'adana ta kusan gigabait 16. Final Cut Pro sai a na'urorin Apple. Mai tsohuwar kwamfuta ya fi dacewa da Shotcut ko Kdenlive, waɗanda kyauta ne, ba su kuma da nauyi ƙwarai. Ka'idojin yanka da jerawa ɗaya ne a dukkansu, don haka wanda ya ƙware a ɗaya ba zai sha wuyar sauran ba.

3.0 Matsaloli da Maganinsu

3.1 Cijewar hoto. Waya da ƙananan kyamarori suna matse hoto da tsarin H.264 ko H.265. A wannan tsari ba kowane hoto ake ajiyewa cikakke ba, yawanci bambancin da ke tsakaninsa da maƙwabtansa ake ajiyewa, sai kwamfuta ta yi ta lissafi kafin ta nuna shi. Hoton 4K kuma ya ninka na 1080 sau huɗu. Magani shi ne a sa manhaja ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi, a yi aikin tacewa da su, in an zo fitar da fim ta koma kan na asali.

3.2 Saɓanin murya da baki. Alal misali, ɗalibi ya yi hira da manomi a bakin magudanar ruwa, da farko magana ta dace da leɓe, amma can gaba sai ta riga shi ko ta yi baya. Sababin haka shi ne waya takan sauya yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa ɗaya, musamman in haske ya ragu. Sai a bi da hoton ta manhajar HandBrake a tsayar da adadin, kafin a fara yanka. Ya fi kyau a tsaya a kan hotuna 25 a daƙiƙa, domin shi ya dace da bugun wutar lantarkin Nijeriya na 50 a daƙiƙa, yana kuma rage rawar hasken fitila.

3.3 Ɓacewar hotuna. Manhaja ba ta haɗiye hotuna, inda suke kawai take riƙewa. In an sauya sunan ma'ajiyarsu ko aka matsar da ita, sai ta ce ba ta gan su ba. A nuna mata sabon wurin, aiki ya dawo.

3.4 Haruffa masu lanƙwasa. Wasu nau'o'in rubutu ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai su fito a fim kamar 'yan akwatuna. Wanda ya maye gurbinsu da b da d da k ya mai da "ƙafa" ta zama "kafa". Nau'in Noto Sans yana ɗauke da su duka.

3.5 Ɗaukewar wuta. A kunna ajiya ta kai tsaye kowane minti biyar, a kuma ajiye hotunan asali a wuri biyu dabam tun ranar da aka dawo daga gona, kafin a goge katin kyamara.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa yawancin waɗannan matsaloli tun wajen ɗauka ake haifar da su. Don haka muna ba malamai shawara su riƙa sa ɗalibi ya ɗauki gwaji na minti biyu, ya tace shi, ya fitar da shi a kwamfutar da zai yi aiki da ita, kafin ya hau motar Kadawa. Haka kuma ya kamata sassan Hausa da na koyar da fim su zauna tare su daidaita kalmomin wannan sana'a, don a samu a koyar da ita cikin Hausa.