Rawar kan ƙanƙara: shekaru kusan 20 da Papadakis da Cizeron suka yi suna farautar maki

Idan aka gama girbi, ɗari ya shigo, filayen kokuwa ne ke cika a Agye, Gazawa da Gidan Rumji, kuma hukuncin ba ya ɓuya ga kowa: wanda aka kai ƙasa, shi aka kayar. A daidai wannan lokaci ne ƙasashen sanyi ke nasu wasanni a kan ƙanƙara. Ɗaya daga cikinsu shi ne rawar kan ƙanƙara, wasan da ba a kayar da kowa a cikinsa, sai dai alƙalai su raba gardama da maki. Tarihin Faransawan nan biyu, Gabriella Papadakis da Guillaume Cizeron, ya nuna yadda wahalar shekaru ke iya rataya a kan abin da bai kai maki ɗaya ba.

Yadda ake wasan

Mutum biyu ne ke shiga fili, mace da namiji, sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa. Filin daskararren ruwa ne mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30. Ana yin zagaye biyu: gajeren rawa na ƙasa da minti 3 a kan salon kiɗan da hukumar wasan ta duniya, ISU, ta tsayar, sai dogon rawa na minti 4 wanda ƴan wasa ke zaɓar kiɗansu da kansu. Ba a manyan tsalle-tsalle, ba a jefa abokiyar rawa sama. Abin da ake dubawa shi ne tsabtar taku, gudu, bin kiɗa, da yadda su biyun ke juyi a kan ƙafa ɗaya lokaci guda kamar mutum da inuwarsa.

Wani rukunin ƙwararru ne ke tantance wahalar kowane motsi, daga mataki na 1 zuwa na 4, sannan alƙalai 9 su ƙara ko su rage maki gwargwadon kyan aikin. Ana jefar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta domin rage son kai. Wasan ya shiga gasar Olamfik ta lokacin sanyi a shekarar 1976.

Daga na 13 zuwa na ɗaya

An haifi Cizeron a 1994, Papadakis kuma a 1995. Mahaifiyar Gabriella, wadda mai horarwa ce a birnin Clermont-Ferrand, ita ta haɗa su tun suna ƴan shekara 9 zuwa 10. A gasar duniya ta 2014 sun zo na 13. A wannan shekarar suka bi mai horar da su, Romain Haguenauer, zuwa Montreal ta ƙasar Kanada, inda suka shiga hannun Marie-France Dubreuil da Patrice Lauzon. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a 2015, suka lashe gasar Turai, suka kuma zama zakarun duniya a Shanghai. A wasan da aka saba hawa tsani a hankali, alƙalai na sanin mutum shekara bayan shekara, irin wannan tsalle ba safai ake ganinsa ba.

Murnar ba ta daɗe ba. A watan Agustan 2015 Papadakis ta faɗi wurin atisaye, kanta ya bugu, ƙwaƙwalwarta ta girgiza, ta yi watanni ba ta gasa. Da yake ba a rawar mutum ɗaya, shi ma Cizeron dole ya jira. Da ta warke, suka kare kambunsu a Boston a 2016.

Maɓallin riga ya raba su da zinariya

A Olamfik ta 2018 a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, manyan abokan hamayyarsu su ne Tessa Virtue da Scott Moir na Kanada. Ana fara gajeren rawa, maɗaurin rigar Papadakis ya kwance a wuya. Ta daure ta kai ƙarshe, amma hankalinsu ya rabu, suka tashi da maki 81.93, ƴan Kanada na da 83.67. Washegari suka kafa sabon tarihi a dogon rawa, sai dai giɓin bai cike ba: 205.28 da 206.07. Tazarar 0.79 ce ta bar su da azurfa, kuma wata damar sai bayan shekara 4.

Sun ci gasar duniya a 2018 da 2019, sannan a Janairun 2020 ƴan Rasha suka ƙwace musu kambun Turai da suka riƙe sau 5 a jere. Annobar korona ta biyo baya, suka yi fiye da shekara ɗaya da rabi ba su shiga gasa ba. A watan Fabrairun 2022 a Beijing suka samu zinariyar da suke nema da maki 226.98, wanda babu wanda ya taɓa kaiwa kafin su. Wata ɗaya bayan haka suka ci gasar duniya karo na 5 a gida, a Montpellier.

Bayan rabuwa

A Disamban 2024 suka sanar da cewa sun daina gasa tare. Cizeron ya samu sabuwar abokiyar rawa, Laurence Fournier Beaudry, suka ci zinariya a Olamfik ta Milan a Fabrairun 2026. Ita kuwa Papadakis ta fitar da littafi a farkon 2026, inda ta yi bayanin matsin da ta ce ta sha a tsawon zamansu, zargin da Cizeron ya musanta.

Nijar ba ta taɓa shiga Olamfik ta lokacin sanyi ba. Lambobinta biyu daga wasannin bazara suka zo: tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972, da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taekwondo a 2016. Amma masu kallon kokuwa a jihar Maradi sun san abin da ke bayan irin wannan suna: horo tun ƙuruciya, rauni, da jiran shekara guda domin karawar da ba ta wuce ƴan mintoci ba.