Kwamfutar tebur: a sayi haɗaɗɗiya mai araha, ko a haɗa da kai?

Duk wanda ke zagaya kasuwannin iyaka, daga Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari, ya san cewa kwamfutar tebur ta daina zama kayan ofishin gwamnati kaɗai. Mai shagon buga takardu da ita yake cin abinci, ɗan tiranzit da ita yake shigar da takardun kaya a tsarin SYDONIA na duwan, dillalin wake ko na albasa kuma a cikinta yake ajiye lissafin bashinsa. Shi ya sa masu saurare ke yawan aiko mana da tambaya guda a gidan rediyo: shin a sayi wadda aka riga aka haɗa mai sauƙin kuɗi, ko a sayo kayan ɗaiɗai a ba yaro mai gyara ya haɗa?

Haɗaɗɗiya iri biyu ce

Kafin amsa, ya kamata mu raba tsaki da tsakuwa, domin abin da ake kira haɗaɗɗiya mai araha iri biyu ne. Na farko ita ce sabuwa fil a kwali, mai ƙyalli da fitilu, amma babu sunan wani sanannen kamfani a jikinta. Na biyu ita ce ƴar Kwatano, wato wadda bankuna da ma'aikatun Turai da Amurka suka yi aiki da ita ƴan shekaru suka sauya, irin su Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma maganar ta fi faɗawa kan ta farko. Mai haɗa irin wannan ya san inda idon mai saye ke tsayawa, sai ya manna takarda mai cewa Core i7 a gaba, ya rage kuɗi a wurin da ba a gani, wato akwatin wuta da ke raba lantarki ga sauran kayan. Za ka ga an rubuta wat 500 a jikinsa, ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar gwangwanin banza. A ƙasarmu da kuran ke tafiya ya dawo da ƙarfi, irin wannan akwati idan ya ƙone yakan tafi da babban farantin da sauran kayan ke hawa kansa, wani lokaci har da faifan ajiya. To, ranar nan ba na'ura kaɗai aka rasa ba, har da sunayen masu bashi.

Ita kuwa ƴar Kwatano an ƙera ta ne don ta wuni a kunne a ofis, saboda haka akwatin wutarta da fankarta sun fi ƙwari. Aibinta shi ne tsufa, sannan kamfanoni kamar Dell da HP sukan yi wa wasu nau'o'insu mahaɗin wuta na kansu mai ƙafa 6 ko 8, maimakon mai ƙafa 24 da aka saba. Idan ya lalace, na kasuwa ba zai shiga ba, sai an nemo irinsa.

Haɗawa da kai: ina ribar take?

A shekarun baya ana cewa wanda ya haɗa da kansa ya rage kuɗi. Ga ƙaramar na'urar aikin shago, lissafin ba ya fita haka. Babban kamfani dubbai yake saye a farashin sari, kai kuwa ɗaya-ɗaya za ka saya a titin Beirut na Kano, ko a aiko maka daga Computer Village ta Ikeja, ka biya mota, ka biya mai haɗawa, ka ɗauki asarar canji tsakanin sefa da naira. Lasisin Windows ma, wanda tun zamanin Windows 8 a 2012 yake zuwa a dashe cikin farantin na'urorin manyan kamfanoni, kai sai ka neme shi daban. Ƙari a kan haka, a ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda masu ƙera ta sun karkata ga manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, kuma mai sayen ɗaiɗai shi ya fara jin zafin.

Akwai kuma maganar garanti. Idan kaya shida daga shago huɗu suka ƙi aiki tare, kowane mai shago zai ce ba nasa ne ya lalace ba. Sannan ba mu manta ba, Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Garantin da ke tsallaken iyaka a irin wannan lokaci takarda ce kawai.

Amma haɗawa tana da masu ita. Mai tace bidiyon biki, ko mai zana manyan allunan talla, yana buƙatar katin hoto mai ƙarfi da akwatin wuta na gaske, kuma ƙananan na'urorin ofis ba su da wurin ɗaukarsu. Shi ya fi masa ya haɗa, domin duk abin da ya lalace ko ya yi kaɗan zai cire ya sauya shi kaɗai.

Abin dubawa kafin a ƙirga kuɗi

Ɗan kasuwa ba ya sayen buhu bai soka ba, to haka nan ma. A sa mai kaya ya kunna na'urar, a karanta lambar ƙwaƙwalwarta a kan allo, ba a takardar da aka manna ba. Sunan i5 ko i7 kaɗai ba ya nuna komai, lambar da ke binsa ita ce shekarun haihuwa: i5-2400 ta 2011 ce, i5-8500 kuwa ta 2018. Wannan yana da muhimmanci, domin a ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10, kuma Windows 11 daga zuriya ta 8 ta Intel zuwa sama take karɓa a ƙa'ida. Na'urorin da suka gaza nan su ne kamfanonin waje ke zubarwa, kuma kasuwanninmu na cikin inda suke sauka.

A nemi RAM aƙalla giga 8, da ma'ajiya irin SSD maimakon tsohon faifai mai juyawa, wanda girgizar mota da yankewar wuta ke saurin kashewa. A tabbata ba a kulle na'urar da kalmar sirrin tsohon mai ita ba. A leƙa bayanta: wasu tsofaffin da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230, idan aka jona ta a wutarmu yana kan 115, nan take za a ji ƙara da hayaƙi. Mai buga takardun Faransanci kuma ya lura da kibod, domin na Kano yawanci QWERTY ne, ba AZERTY da ɗaliban lakwal suka saba da shi ba. Wanda ke aiki da sola ya nemi ƙananan nan masu girman littafi, waɗanda da yawansu caja mai wat 65 ta ishe su.

Shawararmu

A ganinmu, ga mai rubuta rasit da lissafi da buga takardu, ƴar Kwatano ta sanannen kamfani, zuriya ta 8 ko sama, mai SSD, ita ce ta fi mayar da kuɗinta. Rarar da ta saura kada a kashe ta a fitilu da manyan lasifika. A sayi regilata mai daidaita wuta, da ondila wadda maƙwabtanmu ke kira UPS, mai riƙe na'ura ƴan mintoci a samu a adana aiki. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a rufe shi da ƙyalle idan an kashe, a riƙa hure masa ƙura lokacin hunturu, kafin zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 ya same shi a toshe. Kowace Juma'a kuma a kwafe lissafin shago a kile, a tafi da shi gida, domin na'ura ana sake saye, amma littafin bashi idan ya tafi sai wanda ya ji tsoron Allah zai zo ya biya.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.