Mamman Shata: Mawaƙin da ke ƙera waƙa a tsaye

Fiye da shekara ashirin ke nan da rasuwar Alhaji Mamman Shata, amma duk wanda ya shiga motar haya daga Funtuwa zuwa Ƙanƙara, ko ya ratsa rumfunan masu tura waƙa a waya a kasuwar Sheme, da wuya ya fita bai ji wannan murya ba. A wannan yanki ba a ɗauke shi baƙo ba. Funtuwa ce ya mayar gida shekaru masu yawa, kuma Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara duk bayan gidansa ne.

An haife shi a Musawa a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wurinsa waƙa roƙo ce. Yaron ya yi tallan goro, ya yi na alewa, dare kuma ya same shi a dandali yana waƙa. Daga Musawa ya koma Bakori, daga nan sunansa ya fara tafiya. A 1952 ya yi wasa a bikin 'yan sarki a Kano, tun daga ranar kuwa ba a sake tambayar ko wane ne shi ba.

Abin da ya raba Shata da sauran mawaƙa shi ne yadda yake yin waƙar. Ba ya zama ya tsara ta a ɗaki, ba ya tara yaransa su yi ta bita. Zai tsaya a tsakiyar fili, ya ba 'yan amshi layi ɗaya gajere, su riƙe. Makaɗa su ɗauka. Mai kalangu ya matse tsarkiya a hammata, sauti ya hau. Ya sassauta, ya sauka, har ka ji kamar fatar ce ke maimaita amshin da bakinta. A kan wannan shimfiɗa Shata ke ɗora duk abin da idonsa ya gani a lokacin: wanda ya shigo yanzu, wanda ya yi kyauta, garin da aka kwana jiya, mutumin da ya yi alkawari bai cika ba. Shi ya sa waƙa ɗaya tasa ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Bakandamiya, wadda ya zuba kirarin kansa a cikinta, an ɗauke ta a lokuta daban-daban, kowace da abin da ta ƙunsa.

Masu sauraren kiɗan jaz za su gane wannan nan da nan. Jaz ya taso ne a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka, a birnin New Orleans, a farkon ƙarni na 20, kuma ginshiƙinsa ke nan: ƙungiya ta riƙe kiɗa, gwani ya hau kai ya ƙirƙiro nasa nan take. Louis Armstrong, babban mai busa ƙaho kuma mawaƙin jaz, ya zo Nijeriya a 1960. Ya tarar da ƙasar da ke da nata gwanin a wannan fanni, wanda bai koyo daga kowane faifai na waje ba. Wani abin lura ma, kalangu ba kiɗan fada ba ne. Na mahauta ne da 'yan mata a dandali. Da shi Shata ya shiga gaban sarakuna da gwamnoni, bai canja shi da taushi ko kotso don a karɓe shi ba.

Bai bar komai ba. Ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi da mata waƙa. Ya ƙarfafa wa sojoji gwiwa a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 tasa. Ya kuma yi zambo mai zafi, wanda ya sa manya da yawa suke shakkar harshensa, ya yi waƙoƙin da malamai ba su yafe masa ba. Mai son sanin Shata sai ya ɗauke shi da wannan duka, domin wanke shi tas rage masa girma ne.

Siyasa ma ya taɓa ta. Ya yi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, daga baya ya shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, ya zama Dakta. Ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka yi masa sutura a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

Waƙar da aka yi a tsaye tana da hatsari guda: in ba a ɗauka ba, ta tafi. A nan ne 'yan wannan yanki suka yi rawar gani. Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari kuma mawallafin mujallar Fim, ya jagoranci rubuta littafin Shata Ikon Allah, wanda ya fito a 2006. Cikin abokan aikinsa har da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, masanin ilimin duwatsu da ya ba da shekarunsa ga bin sawun waƙoƙin, har ya fitar da nasa kundin, Mahadi Mai Dogon Zamani. Sun nemi makaɗansa da waɗanda ya waƙe tun suna raye, suka ji ta bakinsu.

Aikin bai ƙare ba. Sautin kansa yana warwatse a tsofaffin faya-fayan EMI, da ma'ajiyar Rediyon Kaduna, da kaset-kaset na gidajen mutane, da yawa babu shekara babu wurin da aka ɗauka. Ya kamata Jihar Katsina da jami'o'inta su tattara su wuri guda, a tace su, a rubuta tarihin kowace, tun kafin zaren kaset ɗin ya ruɓe.