Da wane mudu ake auna mantuwar dattijo?

A watan Yulin 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba maganin Leqembi cikakken izini, bayan shekara guda Kisunla ya biyo baya. Dukansu ana ba da su ne ga wanda cutar Alzheimer ba ta yi nisa a kansa ba. Wannan ya ƙara karkata hankalin likitoci ga gano gigin tsufa tun bai kankama ba. Yawan masu gigin tsufa ma ya isa dalili: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta su miliyan 57 a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali.

Matsalar tana wajen awo. Gwajin da ya fi yaɗuwa, MMSE, an wallafa shi a 1975, makinsa 30. Ana tambayar mutum kwanan wata, a ce ya dinga cire bakwai daga ɗari, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi wani zane. Gwajin MoCA da aka tsara a Kanada ya fi shi kama raunin farko, amma shi ma yana neman mutum ya zana agogo yana nuna ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma, wanda ya samu ƙasa da 26 kuma sai a fara zargin matsala. Duk wannan aikin ɗan boko ne. A zaunar da alaramma mai shekara saba'in da biyar, wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka, yake lissafin wata da Hijira, yake sanin lokaci da sallah. Ba abin mamaki ba ne ya faɗi, alhali ƙwaƙwalwarsa garau take. Tsohon farfesa kuwa yana iya cin maki 28 saboda sabo da jarrabawa, matarsa na kallo ya fara manta hanyar masallacin unguwarsu. A ganina kuskure na biyu ya fi muni, domin mai shi yana komawa gida da tabbacin ƙarya.

Masanan Afirka sun daɗe da ganin wannan. Binciken da aka fara a 1992, da Hugh Hendrie da Adesola Ogunniyi cikin jagororinsa, wanda ya kwatanta dattawan Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanafolis, ya haɗa gwajin dattijo da hira da wanda yake zaune tare da shi. Sun samu masu gigin tsufa kashi 2.29 cikin ɗari a Ibadan, 8.24 a Indiyanafolis. A Ibadan ɗin ne aka ɓullo da gwajin jera tsinken ashana a madadin zane da biro, aka kuma yi amfani da irinsa a gundumar Hai ta Tanzaniya.

Abin lura shi ne, har a manyan gwaje-gwajen magani ba a rabu da shaidar iyali ba. Ma'aunin da aka duba tasirin Leqembi da shi yana da maki 18, kuma ya dogara da tambayar na kusa da marar lafiya yadda yake tafiyar da kuɗi, gida da tsaftar jikinsa. Bayan wata 18, bambanci tsakanin masu karɓar maganin da marasa karɓa maki 0.45 ne. Kamfanin da ya yi maganin ya ce an rage saurin cutar da kashi 27 cikin ɗari, kuma lissafin daidai ne. Ko iyali za su ga bambancin da idonsu, nan likitoci suka rabu. Hukumar da ke tantance magunguna wa asibitocin gwamnatin Ingila ta ƙi amincewa a saye shi, ta ce amfanin bai kai kuɗin ba. Gwajin jinin da Amurka ta amince da shi a Mayun 2025 yana nuna alamar cutar Alzheimer a ƙwaƙwalwa ne kawai, kuma akwai tsofaffi masu alamar da hankalinsu bai taɓu ba.

A wurinmu ribar awo da wuri ba ta rataya ga waɗannan magunguna masu tsada ba. Ƙarancin sinadarin B12, ciwon damuwa da raunin ji duk suna kama da farkon gigin tsufa, kuma suna da magani. Hawan jini da ciwon suga suna cikin abubuwa 14 da kwamitin mujallar Lancet ya ce a 2024 magance su zai iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar. Sannan tsohuwar da likita ya tabbatar tana da lalura ta fi samun kariya daga masu jifanta da maita.

Duk mai kai tsohonsa asibiti saboda mantuwa, ya tafi da wanda ya san yadda yake shekara biyar baya, ya kuma faɗa wa likita irin karatun da tsohon ya yi kafin a miƙa masa biro.